Shirun da Muke Kira Haƙuri

Na yi wata 14 ina gaba da wani ɗan'uwana a cikin Almasihu, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa yarda cewa gaba nake yi ba. Ina gaishe shi kowace Lahadi, ina amsa gaisuwarsa, muna zama a kwamiti ɗaya, har nakan tambayi lafiyar iyalinsa. Da wani ya tare ni a lokacin ya tambaye ni abin da ke tsakaninmu, da na ce masa haƙuri nake yi, domin abin da na daɗe ina gaya wa kaina ke nan. Abin da ya haɗa mu kuwa, idan aka faɗe shi yanzu, bai taka kara ya karya ba. A wani zaman kwamitin matasa ana duba lissafin kuɗin wani taro da aka ɗora mini alhakinsa, sai ya ce a gaban kowa ya kamata nan gaba a riƙa ba mai riƙon amana irin wannan aiki. Ko sisi bai ɓata ba, rasit ne kawai na wasu kayayyaki suka makara, amma kalmar nan "amana" ta soke ni kamar ƙaya, na tashi daga zaman ina murmushi, zuciyata kuwa tana tafasa.

Daga ranar na daina kiransa a waya. Idan ya kawo shawara a kwamiti, sai na ga kuskurenta tun kafin ya rufe baki. Na gaya wa matata abin da ya faru, na kuma gaya wa abokaina biyu, na ce su taya ni da addu'a. Abin da ya fi ba ni tsoro idan na tuna shi ne wata Lahadi ta Jibin Ubangiji, ranar da yake cikin masu rarraba ƙoƙo. Na iske kaina ina ƙirga layukan kujeru da ido, ina lissafin inda zan zauna don kada ƙoƙon ya iso gare ni ta hannunsa. Na yi nasara, na karɓa daga hannun wani, na sunkuyar da kai na yi addu'a, na fita ina ganin kaina mai haƙuri.

Wani dattijon ikilisiya ne ya gano ni, domin an ce labarin zuciya a tambayi fuska. Bayan an tashi daga sujada ya riƙe hannuna ya ja ni gefe, ya ce, "Ɗana, me ya shiga tsakaninka da wane?" Na ce, "Babu komai, Baba, ai na riga na yafe masa." Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, shi ya san ka yafe masa? Ya ma san ya yi maka laifi?" Na rasa amsa. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ce in je gida in karanta Littafin Firistoci 19:17 da 18, kuma in karanta ayoyin biyu a haɗe, kada in raba su.

Aya ta 18 kowane Kirista ya san ƙarshenta, domin a nan ne umarnin nan yake na ƙaunar maƙwabci kamar kanka, wanda Yesu ya ce shi ne na biyu a cikin manyan dokoki. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne ayar da ke gabanta. Tana cewa kada ka ƙi ɗan'uwanka a zuciyarka, sai dai ka tsauta masa a fili, don kada ka ɗauki zunubi saboda shi. Wato tun a Shari'ar Musa an ajiye abubuwa biyu suna fuskantar juna, ƙiyayyar da ake ɓoyewa a zuci da maganar da ake faɗa ido da ido, aka kuma nuna cewa ta biyun ce maganin ta farkon. Hanyar da ke kaiwa ga ƙaunar maƙwabci ta bi ta kan maganar da ba ma son faɗa. Ni kuwa na tsallake aya ta 17, ina ta ƙoƙarin cika ta 18 da gaisuwa da murmushi.

Babu inda Littafi Mai Tsarki ya nuna ƙarshen irin wannan shiru kamar a gidan sarki Dawuda, kuma ina ganin ya kamata duk mai iyali ya zauna ya karanta 2 Sama'ila sura 13 zuwa 18 a natse. Amnon, ɗan Dawuda, ya yi wa Tamar, 'yar'uwarsa ta wajen uba, fyaɗe. Absalom, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da ita, ya ce mata ta yi shiru, kada ta sa abin a ranta, ta kuwa zauna a gidansa cikin kaɗaici da baƙin ciki. Da Dawuda ya ji labari ya husata ƙwarai, amma nassin bai ambaci wani mataki da ya ɗauka ba. Game da Absalom kuma aka rubuta cewa bai ce wa Amnon uffan ba, ko mai daɗi ko marar daɗi, domin ya ƙi shi. Wanda ya kalli gidan daga waje zai ce ƙura ta lafa. Bayan shekara 2 cur Absalom ya shirya bikin sausayar tumaki, ya gayyaci 'ya'yan sarki, ya sa barorinsa suka kashe Amnon. Ya gudu Geshur ya yi shekara 3, aka dawo da shi Urushalima ya ƙara shekara 2 bai ga fuskar mahaifinsa ba, har sai da ya sa aka cinna wa gonar sha'ir ta Yowab, shugaban sojojin Dawuda, wuta kafin a saurare shi. Shekara 7 ke nan ana zaman doya da manja a gida ɗaya, ba wanda ya zauna da wani ya kira laifi da sunansa. Da suka haɗu daga baya sarki ya sumbace shi, amma ba mu karanta cewa sun taɓo tushen maganar ba, kuma abin da ya biyo baya shi ne tawaye da yaƙi da uba yana kuka yana kiran sunan ɗansa da ya mutu.

Ba na cewa duk wanda ya yi shiru zai zama mai kisan kai. Abin da labarin ya koya mini shi ne cewa fushi ba ya mutuwa don an hana shi magana, yakan sami wata hanyar fita, kuma yawanci hanyar ta fi maganar muni. Nawa fushin ya fita ta hanyar kushe shawarwari masu kyau a kwamiti, har aikin matasa ya riƙa tafiyar hawainiya ba tare da kowa ya san dalili ba.

Yesu ya yi magana a kan wannan sau biyu a Bisharar Matiyu, kuma idan aka jera wuraren biyu sai mutum ya ga ba a bar masa mafaka ba. A 5:23 da 24 ya ce idan kana miƙa baikonka a bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a gaban bagaden, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo ka miƙa. A 18:15 kuma ya ce idan ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka nuna masa laifinsa, kai da shi kaɗai. A wuri na farko kai ne mai laifi, a na biyu kai aka yi wa laifi, amma umarnin bai canza ba: kai ne za ka tashi ka je. Mu kuwa mun saba da wani lissafi dabam, wanda ke cewa mai laifi ne zai zo, ko ƙarami ne zai zo, ko wanda ya fara ne zai zo, kuma tun da kowa yana ganin ɗayan ne ya fara, sai a shekara ana jiran juna. Yana da kyau a tuna cewa mutanen da suka fara jin maganar bagaden nan a Galili suke, bagaden kuwa yana Haikali a Urushalima, tafiyar kwana 3 ko fiye a ƙafa. Wanda ya bar baikonsa ya koma neman ɗan'uwansa ba ƙofar maƙwabci zai ƙwanƙwasa ya dawo ba. Ubangiji ya san nisan hanyar sa'ad da ya faɗi haka, duk da haka ya sa sulhu a gaban hadaya.

Na san abin da wani zai ce a nan, domin ni ma na faɗe shi: ashe ba Littafi Mai Tsarki ne ya yabi mai kawar da kai ga laifi ba? Gaskiya ne, Karin Magana 19:11 ta ce darajar mutum ce ya ƙyale laifin da aka yi masa, kuma da za mu riƙa kiran zama a kan kowace kalma da ta ɓata mana rai, da zaman tare ya gagara. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma yawancin saɓanin yau da kullum ƙauna ce take rufe shi ba tare da an ce komai ba. Amma akwai bambanci tsakanin laifin da ka ƙyale da laifin da ka adana, kuma zuciya ta san bambancin ko da baki ya musa. Wanda ka ƙyale ba ya dawowa idan ka ga fuskar mutumin, ba ya canza wurin zamanka, ba ya hana ka yin murna idan an yabe shi, ba ka kuma jin ƙaiƙayin ba wa wani labarinsa. Idan mako ya wuce, wata ya wuce, har yanzu kana maimaita maganar a ranka kana shirya amsar da ya kamata ka ba shi, to ba ka ƙyale ba, ajiya ka yi, kuma lokacin zuwa ya yi.

Wurin da na fi jin kunya shi ne batun abokaina biyu. Yesu ya ce kai da shi kaɗai, ni kuwa na fara da mutum uku waɗanda ba shi ba. Na lulluɓe abin da rigar addu'a, amma gaskiyar ita ce ina neman waɗanda za su ce mini ni ne mai gaskiya, na kuwa samu, domin ɓangare ɗaya kawai suka ji. Karin Magana 18:17 ta ce wanda ya fara kawo ƙara shi ake gani da gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. A ganina wannan ita ce cutar da ta fi cin zumunci a tsakanin masu bi, domin ba ta kama da zunubi ba, kama take da ibada. Tsarin da Ubangiji ya shimfiɗa yana ƙara yawan masu ji ne a hankali, kuma sai dole: da farko ku biyu, idan bai saurara ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, bisa ga ƙa'idar shaidu biyu ko uku da ke Maimaitawar Shari'a 19:15, sai daga ƙarshe a kai ga ikilisiya. Hikimar da ke ciki ita ce a tsare mutuncin mai laifin, a bar masa ƙofar tuba a buɗe ba tare da an tara masa jama'a ba. Mu mukan juya tsarin, kowa ya ji, shi kuma ya zama na ƙarshen sani.

Dalilin zuwan ma an faɗe shi a Matiyu 18:15: idan ya saurare ka, ka maido da ɗan'uwanka ke nan. Ayoyin da ke gaban wannan kai tsaye misalin makiyayi ne wanda ya bar tumaki 99 ya tafi neman guda ɗaya da ta ɓata. Saboda haka mai zuwa nuna laifi ba lauya ba ne da ya ɗauko hujjoji, makiyayi ne da ya fita nema. Wanda ya je don ya huce haushinsa ko don a ba shi gaskiya zai iya cin gardamar ya dawo ba ɗan'uwan.

Sai da na yi mako uku bayan maganar dattijon nan kafin na iya kiransa. Na ce ina so mu gana mu biyu, ya ce to, da alamar mamaki a muryarsa. Da muka zauna na ga hannuna yana rawa, sai na riƙe gefen kujera. Na ce masa, "Ɗan'uwa, akwai maganar da ka yi a zaman lissafi bara, ta yi mini ciwo, ni kuma maimakon in zo wurinka na riƙe ta a raina, na kuma gaya wa wasu. Wannan laifina ne, ka gafarce ni." Ya yi shiru yana ƙoƙarin tunawa, domin shi zaman ma ya kusa shige masa. Da na maimaita masa kalmomin, sai ya dafe kai. Bai ce bai faɗa ba, bai kuma ce wasa yake yi ba. Ya ce a ranar ransa a ɓace yake saboda an tsawata masa a kan jinkirin rahoton, shi kuma ya sauke a kaina, kuma bai taɓa zargina da cin kuɗi ba, amma ya yarda kalmar da ya zaɓa tana ɗauke da wannan ma'anar. Sannan ya faɗi abin da ya fi taɓa ni. Ya ce ya daɗe da lura na ja jiki, ya yi ta tunanin ko don bai zo gaishe mu ba sa'ad da ɗanmu ya kwanta asibiti, ya kuma ji nauyin tambaya. Wata 14 yana ɗauke da laifin da ban ma riƙe shi da shi ba, ni kuma ina ɗauke da wanda bai san ya yi ba.

Ba kowace ganawa ce take ƙarewa haka ba, kuma ba zan yi wa kowa alkawarin da Littafi Mai Tsarki bai yi ba. Manzo Bulus ya rubuta a Romawa 12:18 cewa in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunku, ku yi zaman lafiya da kowa, kuma wannan sharaɗi yana nuna ya san akwai lokacin da ba ya yiwuwa. Shi kansa ya yi saɓani mai zafi da Barnaba a Antakiya a kan ko za su sake tafiya da Yohanna Markus, wanda ya rabu da su a Bamfiliya, har suka raba hanya, Barnaba ya nufi Kubrus da Markus, Bulus ya ɗauki Sila. Shekaru sun shuɗe kafin mu ji Bulus yana rubuta wa Timoti cewa ya zo da Markus domin yana da amfani a gare shi a hidima. A Filibi kuma mata biyu, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka yi fama tare da shi a aikin bishara, sun kasa daidaitawa su kaɗai, sai da ya roƙi kowaccensu da sunanta, ya kuma nemi wani abokin aiki ya taimake su. Neman mai shiga tsakani ba gazawa ba ce, wani lokaci shi ne matakin da ya rage.

Akwai kuma wani abu da ba zan so a fahimce ni a karkace a kansa ba. Umarnin zuwa kai da shi kaɗai ba igiya ba ce da za a ɗaure wanda ake zalunta da ita. Matar da mijinta yake dukanta, ko yaron da babba ya ci zarafinsa, ko duk wanda zuwansa shi kaɗai zai jefa shi cikin haɗari, bai kamata a tura shi ɗaki ɗaya da mai cutar da shi da sunan biyayya ga Matiyu 18 ba. Irin wannan yana bukatar kariya da shaidu da shugabanni masu tsoron Allah, da hukuma idan abin ya kai ga karya doka. Abin da aka gaya wa Tamar shi ne ta yi shiru, kuma mun ga inda shirun ya kai gidan. Gafara wajibi ce a kan mai bi, amma amincewa aba ce da ake sake ginawa da halin da aka gani. Dawuda ya bar sarki Saul, mai neman ransa, da rai har sau biyu alhali yana da ikon kashe shi, duk da haka bai koma fadarsa ya zauna ba.

Game da gafarar kanta, misalin da Yesu ya ba Bitrus a ƙarshen Matiyu 18 ya taimake ni ta wata fuska da ban zata ba. Bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000 ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa bawa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne na ɗan ƙodago, talanti ɗaya kuwa kimanin dinari 6,000 ne, wato bashin farko ya kai dinari miliyan 60, abin da mutum zai yi fiye da shekara 160,000 yana aiki kullum kafin ya tara. Kowa yakan tsaya a kan girman wannan, kuma daidai ne. Amma ni dinari 100 ɗin ne ya riƙe ni, domin ladan fiye da wata 3 ne, kuma babu talakan da zai ce wannan ba komai ba ne. Ubangiji bai ce laifin da aka yi mana ƙarya ne ko ƙanƙane ba. Ya yarda bashi ne na gaske, mai ciwo, sannan ya ajiye shi kusa da wanda aka yafe mana. Shi ya sa kalmar "ba komai" da muke saurin faɗa takan zama cikas ga gafara, domin ba a yafe abin da ba a yarda an yi ba. Gara a ce, "Ya yi mini ciwo, amma na yafe," da a ce "ba komai" alhali akwai komai.

A cikin gida ne wannan ya fi wuya, ya kuma fi zama dole, domin miji da mata za su iya kwana a ɗaki ɗaya mako guda suna magana a kan yara da hidimar gida kawai, kowa yana ganin shi ne mai haƙurin. Afisawa 4:26 da 27 ta ba fushi wa'adi, ta ce kada rana ta faɗi kuna fushe, kada kuma ku ba Iblis ƙofa. Ban ɗauka ma'anarta ita ce dole a warware kowace matsala kafin barci ba, domin wata maganar tana bukatar kwanaki, kuma gajiyayyen mutum ba ya sauraro da kyau. Abin da ni da matata muka tsayar tun bayan wannan al'amari shi ne, ko ba za mu iya gamawa a daren ba, wanda ransa ya ɓaci zai faɗa da bakinsa cewa akwai magana, mu kuma sa lokacin da za mu yi ta. Ba kullum muke cikawa ba, amma mun daina yin kamar babu komai.

Bayan ganawata da ɗan'uwan nan, aikin da ya rage shi ne komawa wurin abokaina biyu in gaya musu cewa hoton da na zana musu bai cika ba, kuma tun farko bai kamata in kawo musu maganar ba. Ɗayansu ya karɓa da sauƙi, har ya je ya gaishe shi a ranar. Ɗayan ya saurare ni, ya ce ya ji, amma har yau ina lura da yadda yake taƙaita gaisuwa idan sun haɗu, da yadda yake yin shiru idan an ambaci sunansa don wani aiki. Ni da wanda ya yi mini laifi mun shirya, yanzu nakan karɓi ƙoƙo daga hannunsa ba tare da na ƙirga kujeru ba. Abin da na shuka a zuciyar mutum na uku ne ban iya tumɓukewa ba tukuna, kuma ina shirin sake komawa wurinsa.